Daga Jigo Zuwa Lifta: Tarihin Dabarun Ɗaga Nauyi

 Na san akwai waɗanda suka ga kan maganar a takardar gayyata suka yi mamaki, suna cewa me ya haɗa malamin Hausa da injin hawa bene. Amsar tana cikin kalma guda, watau jigo. Ɗalibin adabi ya san jigo da ma'anar saƙon da waƙa ko labari ke ɗauke da shi. Ɗan siyasa kuwa ya san shi da ma'anar babban mutumin da jam'iyya ta dogara da shi. Amma tun kafin kalmar ta shiga aji ko dandalin siyasa, a lambu ta ke zaune, a bakin rafi. Abin da na ke so in nuna shi ne, dabarar da ke cikin jigon mai lambu ita ce dai ke kai mutane hawa na ɗari a Dubai da Makka, kuma rashin saninta yana jawo mana hasarar dukiya, wani lokaci har da ta rai.

Bari mu fara daga ƙasar Rano. Rano tana cikin Hausa Bakwai, kuma har yau a kan yi wa sarkinta kirari da Autan Bawo. Labarin da ya haɗa ta da sauran 'yan'uwanta shida a bakin rijiya ya faro. Baƙo ya sauka Daura da dare, ya nemi ruwa, aka ce masa ba a ɗiba sai ranar Juma'a, ya karɓi guga ya nufi Kusugu. Masana tarihi sun daɗe suna gardama a kan Bayajida, amma ba wannan ya kawo ni ba. Abin lura shi ne, labarin asalin da Hausawa suka riƙe ya ajiye guga da igiya a tsakiyarsa. Ba abin mamaki ba ne, domin al'ummar da damina ke yi mata wata huɗu ko biyar kawai, sauran shekara kuwa ruwanta yana ƙarƙashin ƙasa, tilas ɗago nauyi ya zama aikinta na kowace safiya.

Guga shi ne mafi sauƙin dabarun, kuma shi ne mafi wahalar da jiki. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka yarinyar da ke jan guga mai lita 10 daga rijiya mai gaba goma, damtsenta ne ke ɗauke da nauyin gaba ɗaya, tun daga ƙasa har baki. A bakin rijiya ne kuma muka fara ɗaga mutum da igiya. Sa'ad da a ke haƙa ko yasa, a kan zura mai aikin da igiya, a riƙa jawo ƙasa da laka a guga, sa'an nan a jawo shi kansa. Ransa yana ga abu biyu, ƙarfin igiyar da amanar waɗanda ke riƙe da ita. In ta tsinke babu abin da zai tare shi. Ina roƙon ku riƙe wannan magana, domin ita ce matsalar da ta hana duniya gina dogayen benaye har tsakiyar ƙarni na 19. A arewa da mu, a lambunan Azbin, Buzaye sun rage wahalar ta hanyar ɗora igiyar a kan gargare mai kwarmi, su sa sa ko raƙumi ya ja. Gargaren bai rage nauyin ba ko kaɗan, juya fuskar ja kawai ya yi, domin dabba ta iya ja a miƙe.

Jigo kuwa wani abu ne dabam. Na gan shi yana aiki ina yaro, a ƙarshen shekarun 1980, a fadamun ƙasar Rano da Kibiya inda a ke noman rani na albasa da tumatir da tattasai. Ga waɗanda aka haifa a birni, ga yadda ya ke. A kan kafa gwafanni biyu a bakin ruwa, a gitta itace a kansu, sa'an nan a ɗaura doguwar sanda a kan gicciyen, ba a tsakiyarta ba, sai dai kusa da gindinta. A gajeren ɓangaren sai a liƙa ƙaton curin laka ko a ɗaure dutse, a dogon ɓangaren kuma a rataya igiya da ƙwarya a ƙarshenta. Mai lambu ya ja igiyar ƙasa, ƙwarya ta nutse ta cika, ya sassauta hannu, curin laka ya rinjaya ya taya shi ɗago ta, ya juye a kwari, ruwa ya bi ya shiga fangali.

To, ina hikimar ta ke? Na farko, ja zuwa ƙasa ya fi ja zuwa sama sauƙi, domin nauyin jikin mutum yana taya shi. Na biyu, kuma wannan ne ya fi muhimmanci, gwanin jigo ba ya liƙa laka da ka. In curin ya yi nauyi da yawa, sai ya sha wuya wajen tura ƙwarya ƙasa. In ya yi sakayau, sai ya sha wuya wajen ɗago ta. Saboda haka za ka ga yana ƙara laka yana ragewa, har ya sami daidai inda aikin ya rabu biyu, rabi wajen saukarwa, rabi wajen ɗagowa. Bai karanta lissafi ba, amma kafaɗarsa ta gaya masa. Iyakar jigo ita ce ba ya ɗaga ruwa fiye da mita biyu ko uku. Tsohuwar dabara ce ƙwarai: an zana ta a bangon kaburburan Masar tun wajen shekara 1250 kafin Miladiyya, kuma Larabawa suna kiran ta shaduf. Injiniyan nan al-Jazari, wanda ya kammala littafinsa na na'urori a 1206, ya bayyana injunan ɗaga ruwa guda biyar, waɗansunsu wannan doguwar sandar ce aka haɗa da haƙoran gargare domin dabba ta riƙa sarrafa ta.

A wajen gini kuwa, magabatanmu ba su nemi inji ba, domin ba su yi nisa da ƙasa ba. Soro ne, sai bene mai hawa ɗaya na sarki ko attajiri. Hasumiyar Gobarau ta Katsina, wadda ta daɗe tana cikin mafiya tsawon gine-ginen ƙasar Hausa, tsawonta wajen mita 15 ne. Magini yana zaune a kan bango, yaransa suna jefa masa tubali da curin ƙasa yana cafewa. Ko bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka shiga cinikin gyaɗa gadan-gadan, dalar gyaɗa da mu ke alfahari da hotonta, wadda a kan jera buhu har 15,000 a guda ɗaya, a kan 'yan dako aka gina ta, buhu bayan buhu. Mu kan tuna da attajiran da suka mallaki dalar, ba kasafai mu kan tuna da wuyan waɗanda suka hau da ita ba. Muddin ƙarfin talaka ya fi inji araha, ba wanda zai sayi inji.

Haka abin ya ke a Turai shekaru aru-aru. A babban dandalin wasanni na Rum, wanda aka buɗe a shekara ta 80 Miladiyya, mutane ne ke murɗa itace su ɗago namun daji daga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa. A 1743 an yi wa Sarkin Faransa Luwi na 15 wata kujera mai igiya a fadar Basai. Da injin tururi ya zo, sai ma'adinai da masana'antu suka riƙa amfani da ganga mai naɗe igiya, tana jan dandamali sama. Wannan ita ce lifta iri na farko, kuma guga ce kawai da aka ba inji. Kaya a ke ɗora mata galibi, domin tsoron da ke zuciyar mai yasar rijiya shi ne a zuciyar Bature.

Wanda ya kawar da tsoron wani makaniki ne na Amurka, Elisha Otis, a 1852. Bai ƙirƙiro lifta ba, birki ya ƙirƙiro. Ya ɗauki sifirin irin na keken doki ya sa a saman dandamalin, ya ɗaura igiyar a jikinsa. Muddin igiya tana ɗauke da nauyi, sifirin yana lanƙwashe. Da zarar ta tsinke sai ya miƙe, bakunansa biyu su cije haƙoran ƙarfe da aka jera a jikin dogo, dama da hagu. Watau tsinkewar igiyar ita ce da kanta ke taka birkin. A 1854, a wani bajekoli a Niyok, ya hau dandamalin a gaban jama'a, ya sa aka sare igiyar, dandamalin ya ɗan zame ya tsaya cik. Ranar 23 ga Maris 1857 aka kafa liftar fasinja ta farko a kantin Haughwout mai hawa biyar a birnin. Abin da ya biyo baya ya shafi zaman jama'a. Kafin lokacin, a biranen Turai mai hali a hawan ƙasa ya ke zama, barori da matalauta su ne a can ƙoli, domin su ne za su jure wa matakala. Lifta ta kifar da wannan tsari, hawan ƙoli ya zama mafi tsada. Da aka haɗa ta da ginshiƙan ƙarfe a Shikago a 1885, sai aka rasa abin da zai hana gini tashi.

Amma ganga tana da iyaka: gwargwadon tsawon bene, gwargwadon yawan igiyar da za ta naɗe, har ta yi girman da ba ta da wurin zama. Sai aka bi hanya ta biyu, watau tura akwatin daga ƙasa maimakon jan sa daga sama. Asalin wannan shi ne ƙa'idar da Bafaranshe Pascal ya bayyana a ƙarni na 17, cewa in aka matsa ruwan da ke rufe, matsin ya kan bazu ko'ina a cikinsa daidai wa daida. William Armstrong ya yi amfani da ita wajen injin loda jiragen ruwa a Ingila a 1846, Léon Édoux kuma ya nuna liftar fasinja mai aiki da ruwa a bajekolin Faris na 1867. Duk wanda ya ga jak yana ɗaga mota, ko tifa tana juye yashi, ya ga irinta. A yau mai a ke sa mata maimakon ruwa. Famfo ya tura mai cikin tulun ƙarfe, fistan ya fito ya ɗaga akwati. Wajen saukowa ba a bukatar famfo, bawul kawai za a buɗe, mai ya koma tanki a hankali. Saboda haka in wuta ta ɗauke, makaniki yana iya sauko da mutane da hannu. Aibinta shi ne ba ta da sauri, ba ta cika wuce hawa biyar ko shida ba, famfonta yana cin wuta domin shi kaɗai ke ɗauke da nauyin duka, kuma zafi ya kan tsinka man, abin da ya kamata mai saye a Kano ya tuna da shi kafin bazara ta zo.

Iri na uku shi ne ya mamaye duniya, kuma a nan ne za mu sake gamuwa da mai lambun Rano. A 1877 wani injiniyan ma'adinai na Jamus, Friedrich Koepe, ya daina naɗe igiya. Sai ya ɗora ta kawai a kan gargare mai kwarmi, nauyi a wannan gefe, nauyi a wancan, cizon da ke tsakanin igiya da kwarmin ya isa ya motsa su in gargaren ya juya. A 1880 Werner von Siemens ya nuna lifta mai aiki da lantarki a Manhaim, a 1903 kuma kamfanin Otis ya fito da wadda motarta ke juya gargaren kai tsaye ba tare da giya ba. A irin wannan lifta, akwatin fasinja yana rataye a bakin igiyoyi, a ɗaya bakin kuma akwai tarin ƙarfe. Akwati ya hau, ƙarfe ya sauka. Ƙarfen nan shi ne curin laka.

Bari mu yi lissafin. A ce akwati yana da nauyin kilo 1,000, kuma an yi shi domin mutum 8, watau kilo 630. Injiniya zai sa ƙarfen ya zama nauyin akwati da kimanin rabin na fasinjoji, kilo 1,315 ke nan. In akwati ya cika, nauyinsa 1,630, ya ɗara ƙarfen da 315. In babu kowa a ciki, ƙarfen ne ya ɗara shi da 315. Ko ta wane hali, abin da mota za ta yi fama da shi bai wuce kilo 315 ba, ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar na abin da ganga za ta ja. Raba aiki biyu ke nan, daidai da yadda gwanin jigo ke yi da laka. Har ramin da akwatin ke bi, Larabawa rijiya su ke ce masa.

Akwai kariya hawa-hawa a jikinta. Igiyoyin ƙarfe ne, da yawa ne, kuma an yi su da ƙarfin da ya ninka bukata sau da dama. Birkin mota sifirin ne ke danne shi, lantarki ne ke buɗe shi, don haka in wuta ta ɗauke sai ya kama, lifta ta tsaya inda ta ke. Sa'an nan akwai wata na'ura da makanikai ke kira gwamna, mai lura da gudu. In akwati ya wuce ƙa'ida sai ta fizgi birkin da ke ƙarƙashinsa ya cije dogo, jikan birkin Otis ke nan. Da wannan tsari a ke hawa Burj Khalifa na Dubai, wanda aka buɗe a 2010, mai tsawon mita 828, a gudun mita 10 cikin daƙiƙa guda.

Akwai wani iri da zan ambata a gurguje domin na taɓa hawansa a Jami'ar Shafil sa'ad da na ke karatu a Ingila. Jerin akwatuna ne marasa ƙofa, a jikin sarƙa, suna zagayawa ba tsayawa, waɗansu na hawa waɗansu na sauka, mutum ya faɗa ciki ya fice da kansa. Turawa sun sa masa sunan carbinsu na addu'a, kuma lalle ya yi kama da carbi. Sai da na bar akwati uku suka wuce kafin na yi ƙundunbala. Jamus ta Yamma ta hana kafa sababbi tun 1974.

Lifta ta shigo mana tare da dogayen benaye. An gama Gidan Koko na Ibadan mai hawa 26 a 1965, Gidan NECOM na Legas mai hawa 32 a 1979. A Kano ma, bayan an kafa jiha a 1967 kuma kuɗin man fetur suka samu, benayen gwamnati da na bankuna suka tashi. Mun sayi injin, amma abu uku da ke riƙe da shi ba su zo a cikin akwatinsa ba: wuta mai ɗorewa, makanikin da ya san shi, da kuɗin kayan gyara a kasafin kowace shekara. Irin wannan ne ya sami lambu. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, gangara ce ke kai ruwanta gonakin Kadawa da Kura da Bunkure, ba a ɗaga shi. Manoman fadamar da magudanar ba ta kai gare su ba kuwa, daga shekarun 1980 suka koma ga ƙaramin injin ban-ruwa mai shan fetur, jigo ya ɓace. Ba na cewa a koma wa jigo, domin abin da inji ke shayarwa a sa'a guda ya fi ƙarfin wunin mai jigo. Amma mai jigo da gatari da laka ya ke gyara kayansa, mai inji kuwa ya ga abin da ya gani da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023.

Shekarun baya na raka wani kawuna daga ƙasar Kibiya zuwa wani ofis a birni domin tantance 'yan fansho. Ofishin yana hawa na biyar, lifta kuwa ta daɗe da mutuwa, har an jingina tsintsiya da bokiti a ƙofarta. Dattijon yana fama da gwiwa. A hawa na biyu ya zauna a matakala, na ce, “Kawu, ko in hau in roƙe su su sauko?” Ya ce, “Bari, ɗana. Da ƙafata na yi musu aiki, da ita zan je.” Ƙarshenta dai samari biyu ne suka ɗauke shi a kujera. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Wannan wulaƙanci ne kawai. Abin da ya fi shi muni ya auku ranar 1 ga Agusta 2023, sa'ad da lifta ta faɗo da wata matashiyar likita a gidan kwanan likitoci na wani babban asibitin gwamnati a Tsibirin Legas, ta rasu, abokan aikinta kuma suka ce sun daɗe suna kuka da liftar. Duk kariyar da na lissafa ƙarfe ce, tana tsatsa, tana cinyewa, kuma ba ta aiki in ba a gwada ta a kai a kai.

A nan ne maganar ta dawo kanku, ma'aikata. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu ta 2018, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba da shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a yadda mai keken guragu zai iya shiga, kuma wa'adin ya cika a Janairun 2024. Wanda fayil ɗin sabon gini ya zo teburinsa yana da damar tambaya. In asibiti ne ko makaranta mai hawa ɗaya ko biyu a gari irin Rano, a ganina gangara mai faɗi ta fi kowace lifta, domin ba ta shan wuta kuma ba ta jiran makaniki daga Legas. In kuwa tilas sai lifta, to a ga kwangilar gyara a haɗe da ta saye, a ga batirin da zai kai akwati hawa mafi kusa ya buɗe ƙofa in wuta ta ɗauke, a kuma ajiye littafin da a ke rubuta ranar da aka gwada gwamna da birki. Ofishin da tsofaffi ke zuwa, a sauko da shi ƙasa.

Saura abin da ya shafi sashenmu. Gargaɗin da ke manne a jikin liftocinmu da Turanci ya ke, alhali wanda ya fi bukatarsa shi ne baƙon da ya zo daga ƙauye, bai taɓa shiga ba. Haɗarin da ya fi yawa yana bakin ƙofa: mutum ya ɓalle ta ya yi ƙoƙarin fita daga akwatin da ya maƙale tsakanin hawa biyu, ko ya sa ƙafa ba tare da ya duba ko akwatin ya iso ba. Layi uku sun isa, da boko da ajami, a daidai tsayin ido: Duba ƙasa kafin ka shiga. In ta tsaya, kada ka ɓalle ƙofa, akwai iska a ciki. Danna ƙararrawa ka jira ma'aikaci.